Shirin Tafiya Kanada Yawon Buɗe Ido: Biza, Hanya, Niagara da Duwatsun Banff

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Ina so ni da maiɗakina mu yi mako biyu a Kanada, mu ga Toronto, da magangarar ruwa ta Niagara, da tafkunan Banff, da Vancouver, da kuma hasken nan da ke haskaka sararin arewa da dare. Ta ina zan fara, wane wata ya fi dacewa, kuma me ke ɓata wa mutane irin wannan tafiya?

Amsa: Alhaji, kafin mu taɓa maganar biza, sai ka rage wannan jeri naka, don ba zai shiga mako biyu ba. Faɗin Kanada ya kusa murabba'in kilomita miliyan 10, wato ta ninka Najeriya kusan sau 11, kuma agogo iri shida ake amfani da su daga gabashinta zuwa yammacinta. Tsakanin Toronto da Vancouver kaɗai tafiyar awa biyar ce a jirgin sama, kwatankwacin nisan Kano da Jidda. Jirgin ƙasan da ke haɗa biranen biyu kwana huɗu yake yi a hanya, yana cin kilomita 4,466. Cikin kwana 14 ɗin nan kuma, biyu sun tafi a zuwa da komowa, saura dare 12 a ƙasar. Dare 12 sun isa yanki biyu: gabas, inda Toronto da Niagara da Montreal da birnin Quebec suke, sai duwatsun Rocky a lardin Alberta, inda Banff take. Vancouver da hasken arewa ka ajiye su sai wani zuwan.

Watan da na fi zaɓa maka shi ne Satumba, makonni ukun farko. Ga dalili. Tafkunan Banff a daskare suke har farkon Yuni, don haka wanda ya je a Afrilu ko Mayu farar ƙanƙara zai tarar maimakon shuɗin ruwan da ya gani a hoto. Yuli da Agusta lokacin hutun makarantu ne, otal yana tsada, ko'ina cunkoso, kuma a shekarun nan hayaƙin gobarar daji yakan rufe duwatsun yamma na kwanaki a waɗannan watanni. Da Litinin ɗin farko ta Satumba ta wuce, yara sun koma makaranta, farashi ya ɗan sauka, kwale-kwalen Niagara suna aiki, hanyar tafkin Moraine da ke gandun Banff a buɗe take, sanyi kuma bai kama ba tukuna. Idan burinka ganin ganyen bishiyoyi ya rikiɗe ya yi ja da ruwan ɗorawa, to sai ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, a lardunan Quebec da Ontario, inda Montreal da Toronto suke. Disamba zuwa Fabrairu kuwa ban ba ka shawara ba a zuwan farko. Sanyi yana kai digiri 20 ƙasa da sifili a Montreal da Calgary, babban birnin da ke kusa da Banff, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar, kuma kuɗin kayan sanyi kaɗai wani kasafi ne.

Da ka tsai da wata, sai ka ƙirga baya wata biyar ko shida, nan ne za ka fara neman biza. Tsawon jiran amsa yana hawa yana sauka, kuma hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC, tana wallafa shi a shafinta ƙasa-ƙasa. Fara da duba fasfo. Ba a ba da bizar da ta wuce wa'adin fasfo, saboda haka idan naka ko na Hajiya saura shekara ɗaya, a sabunta shi tukuna. Ta intanet ake cika takardun a shafin IRCC, kowa da nasa, amma a tura su tare a matsayin iyali. Kuɗin biza dalar Kanada 100 ne kowane mutum, ɗaukar zanen yatsu da hoto 85, wato ku biyu 370 ke nan. Ba a mayar da kuɗin idan an hana. Bayan an biya, wasiƙa za ta shigo asusunka tana umurtar ku da ku je a ɗauki yatsunku cikin kwana 30. A Najeriya cibiyoyin suna Abuja da Legas, kuma sai an kama layi ta intanet kafin a je. Yatsun da aka ɗauka suna aiki shekara 10. Idan an amince, wata wasiƙar za ta zo ta neman fasfo, shi ma kwana 30 ake bayarwa, sai a miƙa shi ta cibiyar a manna biza.

Abu ɗaya jami'in da ke duba takardunka yake nema: ya gamsu cewa za ka koma gida idan lokacinka ya cika. Galibi ba ya ganinka, ba ya hira da kai, takarda kawai ke magana. To ɗan kasuwa ya nuna takardar rajistar kamfani ta CAC, da shaidar biyan haraji, da bayanan asusun banki na wata shida, na kansa da na kasuwancin, da takardar gida ko fili ko hayar shago. Ma'aikaci ya kawo wasiƙar wurin aiki da ta faɗi muƙaminsa da albashinsa da ranar da zai koma bakin aiki. A haɗa da takardar aure, da hotunan bizojin da aka taɓa samu da tambarin shiga da fita, ko na Umara ne ko na Dubai ko na Sin, domin duk suna nuna mutum ya fita ya dawo. Duk takardar da aka rubuta da Hausa ko Larabci sai an fassara ta zuwa Turanci ko Faransanci, a haɗa da rantsuwar mai fassara. Sannan a rubuta wasiƙa shafi ɗaya: ranar zuwa, ranar komowa, garuruwan da za a kwana, abin da tafiyar za ta ci, da wanda zai biya.

Inda aka fi faɗuwa shi ne asusun banki. Mutum yana juya miliyoyi a kasuwa hannu da hannu, asusunsa kuma fayau, sai ana saura mako biyu ya ranto kuɗi ya zuba. Jami'in da ya ga asusun da ya yi wata biyar yana rarrafe, rana ɗaya ya kumbura, ya san abin da ya faru. Idan cinikinka na tsabar kuɗi ne, fara shigar da shi banki tun wata shida kafin ka nema. Idan kuma da gaske wani babban kuɗi ya shigo, kamar na sayar da fili, haɗa takardar cinikin. Na biyu shi ne ɓoye gaskiya. Fom yana tambaya ko wata ƙasa ta taɓa hana ka biza. Kanada tana musayar bayanan yatsu da Amurka da Birtaniya da Ostireliya da New Zealand, don haka wanda ya ce a'a alhali Amurka ta taɓa hana shi, hukuncinsa haramcin shiga na shekara biyar. Haka takardar banki ta jabu ko wasiƙar gayyata ta ƙarya, ko da ejan ne ya ƙirƙiro ba da saninka ba, kai ne ka sa hannu, kai ne za ka ɗauka. A fom ɗin bayanan iyali, a rubuta 'ya'ya duka, na kowane ɗaki, har da waɗanda ba za su yi tafiyar ba. Babu ejan da ke da hanya a ofishin biza, duk wanda ya ce maka ya tabbatar za ta fito, ka riƙe kuɗinka. Kuma kada ka sayi tikitin jirgin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Tsarin tafiya a rubuce da ajiyar otal da za a iya sokewa kyauta sun wadatar.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Kanada, dole a ya da zango. Daga Kano akwai Ethiopian ta Addis Ababa da EgyptAir ta Alƙahira, dukansu suna zuwa Toronto. Daga Abuja ko Legas zaɓi ya fi yawa: Turkish ta Istanbul, Royal Air Maroc ta Kasabalanka zuwa Montreal, Qatar ta Doha, Air France ta Paris, Lufthansa ta Frankfurt, KLM ta Amsterdam. A nan akwai tarko biyu. Tikitin da ya bi ta Amurka, ko na awa biyu ne a filin jirgi, yana buƙatar bizar Amurka, domin can babu zaman jiran canjin jirgi ba tare da an shiga ƙasa ba. Irin wannan tikiti yakan fito da arha a shafukan sayarwa, shi ya sa yake kama mutane. Na biyu, mai fasfo ɗin Najeriya ko Gana da ke riƙe da bizar Kanada mai aiki zai iya canja jirgi a filin jirgi ɗaya na ƙasashen Turai na yankin Shengen, irin su Faransa da Jamus, ba tare da bizar wucewa ba. Amma idan hanyar ta bi filaye biyu, misali Paris sannan Amsterdam, tashin da ke tsakaninsu na cikin gida ne, sai da cikakkiyar bizar Shengen, kuma tun daga Abuja za a hana ka hawa. Ka sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya, don idan jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai nemo maka wani. Idan za ka samu tikitin da zai sauke ku a Toronto ku taso daga Calgary, ya fi, kun huta da komowa gabas. Katin rigakafin cutar shawara ya kasance tare da fasfo.

Biza izinin zuwa bakin ƙofa ce, jami'in kan iyaka ne ke yanke shiga da tsawon zama, galibi wata shida. A filin jirgi za ku amsa tambayoyin kwastam a na'ura, sannan jami'i ya tambaye ku abin da ya kawo ku, inda za ku sauka, da ranar komawa. Tikitin komowa da adireshin otal su kasance a takarda, kada a dogara da waya. Kuɗin da ya kai dalar Kanada 10,000, ko kwatankwacinsa a kowane irin kuɗi, dole a bayyana shi. Ba haraji ake karɓa a kai ba, rashin faɗa ne ke sa a ƙwace.

Maganar guzuri kuma, ka gaya wa Hajiya tun yanzu: kilishi, dambun nama, soyayyen nama, man shanu, nono, duk ba sa shiga. Nama da kayan madara daga yankinmu haramtattu ne a kan iyakarsu, akwai karnuka masu shinshina jakunkuna, kuma tarar rashin bayyana abinci tana kai dala 1,300. Busassun kaya irin su yaji, kuka, kuɓewa busasshiya da garin kunu sun fi sauƙin wucewa, amma su ma a amsa e a tambayar abinci, a bar jami'i ya duba. Wanda ya bayyana, mafi munin abin da zai same shi a karɓe kayan. Magunguna su zauna cikin kwalinsu na asali tare da takardar likita.

Daga filin jirgin Pearson, jirgin ƙasa na UP Express yana kai wa tashar Union a tsakiyar Toronto cikin ƙasa da rabin awa. A lokacin zafi agogon Toronto yana bayan na Najeriya da awa biyar, na Calgary da awa bakwai, don haka ranar farko kada a tsara komai. Rabon dararen ga yadda zan yi shi: Toronto uku, Niagara ɗaya, Montreal biyu, birnin Quebec biyu, Banff huɗu. Idan daga Toronto jirgin komowarku zai tashi, a cire dare ɗaya daga na farko a mai da shi ƙarshe, kada a haɗa tashi daga Calgary da jirgin gida a rana ɗaya a tikiti daban-daban.

Toronto ba ta buƙatar dogon bayani. Hasumiyar CN, mai tsayin mita 553, da aka buɗe a 1976, a hau ta ranar da gari ya yi garau, idan akwai hazo kuɗin ya tafi a banza. Jirgin ruwa na minti 15 zuwa tsibiran da ke gaban birnin shi ne ke ba da hoton gari mafi kyau, kuma da arha. Gidan tarihi na Aga Khan, da aka buɗe a 2014, yana da tsofaffin rubuce-rubucen Alƙur'ani da kayan fasahar ƙasashen Musulmi, ya cancanci rabin yini. Mota ba ta da amfani a nan, kuɗin ajiye ta ya fi na jirgin ƙasa.

Niagara tana da nisan kilomita 130 daga Toronto, awa biyu a jirgin ƙasa na GO ko bas. Da yawa suna zuwa su dawo a yini ɗaya, amma kwana ya fi, domin da dare ana haska ruwan da fitilu masu launi, da sassafe kuma kafin motocin 'yan yawo su iso za ku samu bakin ruwan babu turmutsutsu. Kallon kansa kyauta ne: a bi titin bakin kogi a ƙafa har Table Rock, inda ruwan babbar magangarar, mai siffar kofaton doki, yake faɗawa ƙasa kimanin mita 57 a gabanka. Abu biyu ne suka cancanci a biya. Kwale-kwalen da ke kutsawa cikin feshin ruwan, tafiyar minti 20, wanda ke aiki daga wajen Mayu zuwa Nuwamba, sai ramin da ake sauka da lif mita 38 a tsaya a bayan ruwan. Ana ba da rigar leda, amma ba ta kare takalmi da gefen zani ko babbar riga, a sa kayan da ke saurin bushewa, a sa waya cikin leda. Wuraren wasanni na titin Clifton Hill ba su kai kuɗinsu ba. A kula da gadar Rainbow: ɗaya bakinta Amurka ce. Wanda ke tuƙi ya bi alamar da ke nuna gadar bisa kuskure, zai tsinci kansa gaban jami'an Amurka ba biza, a rubuta an mayar da shi, kuma wannan rubutu zai bi shi duk lokacin da ya cika wani fom. Ɓangaren Kanada ne ma ke fuskantar ruwan sosai, ba abin da kuka rasa.

Daga nan a koma Toronto a hau jirgin VIA Rail zuwa Montreal, awa biyar da ɗoriya, wannan yini na hanya ne. Tikitinsa yana tsada yayin da rana ke matsowa, a saya da wuri. Na tsallake Ottawa da gangan, domin babban ginin majalisar da ake zuwa gani yana rufe ana gyara tun 2019. Amfaninta gare ka shi ne can ofishin jakadancin Najeriya yake, idan fasfo ya ɓata. A Montreal a zaga tsohon gari, a hau tudun Mont Royal a hango birni. Faransanci ne harshen lardin Quebec, mutanen Nijar da Kamaru da Cadi nan za su fi sakewa, amma a wuraren baƙi Turanci yana wadatarwa. Birnin Quebec, awa uku da 'yan mintuna gaba, ya fi Montreal cancantar lokacinku. Samuel de Champlain ne ya kafa shi a 1608, ganuwarsa tana nan tsaye, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Garin hawa da gangara ne a kan daɓen duwatsu, a sa takalmi mai taushi. Magangarar Montmorency da ke gefen gari tsayinta mita 83, ta fi Niagara tsawo ko da yake ba ta kama ƙafarta a faɗi ba.

Daga gabas zuwa Calgary tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce a sama. A karanta sharuɗɗan tikitin cikin gida da kyau, domin mafi arha ba ya haɗa da jakar da ake aunawa, wani ma har ƙaramar jakar hannu sai an biya, kuma biya a filin jirgi ya fi tsada.

Banff ne wurin da rashin shiri ya fi cutarwa. Garin yana kilomita 130 yamma da Calgary, cikin gandun dajin da aka kafa a 1885, mafi tsufa a ƙasar. Ana biyan kuɗin shiga gandun kowace rana, dala goma sha wani abu ga babba, 'yan shekara 17 zuwa ƙasa kyauta, a manna rasit a gilashin mota. Otal a cikin Banff yana cika watanni kafin lokaci, idan ya gagara a sauka a Canmore, minti 20 kafin a kai. Tafkin Moraine, wanda hotonsa ya fi yawo, tun 2023 aka hana motocin mutane bin hanyarsa. Sai dai motar hukumar gandun daji, Parks Canada, ko bas ɗin kamfanonin yawo, kuma hanyar tana buɗe ne daga Yuni zuwa wajen tsakiyar Oktoba kawai. Kujerun motar hukuma ana sakin wani kaso a Afrilu, sauran kuma ana sakin su saura kwana biyu, ƙarfe takwas na safe agogon Alberta, su ƙare cikin mintuna. Ka buɗe asusu a shafinsu tun kana gida, ka zauna da waya a hannu kafin takwas ta buga. Tikiti ɗaya yana kai ku tafkunan biyu, Moraine da Louise, domin akwai motar da ke haɗa su. Kada ka ce za ka tuƙa zuwa bakin tafkin Louise, wurin ajiye motoci yana cika tun kafin fitowar rana, ana juyo da mutane. Launin ruwan nan daga garin dutse yake, wanda ƙanƙarar kan duwatsu ke niƙawa ta zubo da shi idan ta narke, kuma ya fi fitowa idan rana ta ɗaga ta haske tafkin.

Yini guda a ba wa hanyar Icefields, wadda ta tashi daga Lake Louise zuwa Jasper, kilomita 230. Ba sai an kai ƙarshe ba. A tsaya a tafkin Bow da na Peyto, a kai ƙanƙarar Athabasca, kimanin kilomita 130 daga Lake Louise, a juyo. Gidan mai ɗaya ne a hanyar, a Saskatchewan River Crossing, kuma mafi yawan hanyar babu sabis na waya, saboda haka a cika tanki, a sauke taswira a waya, a ɗauki abinci. Garin Jasper kansa gobarar Yulin 2024 ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginensa, wurin kwana ya ragu. Wata ranar a hau keken igiya mai tafiya a sama zuwa kan dutsen Sulphur, mita 2,281, ko a taka kwazazzabon Johnston, wanda hanyarsa ba ta da wuya. Dabbobin gandun ba na gidan zu ba ne. Doka ta ce mita 100 tsakaninka da beyar, mita 30 tsakaninka da manyan barewa, waɗanda mazansu ke faɗa a Satumba lokacin barbara. Ba su abinci laifi ne mai tara. Ko a Satumba dare yana kai sifili a nan, dusar ƙanƙara tana iya sauka, don haka a sa kaya hawa uku: na ciki mai kama jiki, suwaita, da jaket mai tare iska da ruwa, a haɗa da safar hannu da hula mai rufe kunne.

A wannan yanki ne hayar mota ke da amfani. Hannun dama ake tuƙi kamar gida, da kilomita ake auna gudu. Ka zo da lasisinka da na ƙasa-da-ƙasa, kuma yawancin kamfanoni suna neman katin bashi mai sunan direba don riƙe kuɗin jingina. Alamar tsayawa tana nufin a tsaya cak ko babu kowa. Motar 'yan makaranta mai ruwan ɗorawa idan ta kunna jajayen fitilu, kowa yana tsayawa, har mai tahowa ta ɗaya hannun. Idan ba ka son tuƙi, akwai bas daga filin jirgin Calgary zuwa Banff, da motocin bas na Roam da ke zirga-zirga har Lake Louise.

Kasafin kuɗi yana ruɗar baƙo domin farashin da ke rubuce ba shi ake biya ba. Ana ƙara haraji a wurin biya: kashi 13 cikin ɗari a Ontario, kusan 15 a Quebec, 5 a Alberta, kuma ba a mayar wa baƙo da shi idan zai fita. A gidan abincin da ake kawo maka har tebur, tukwicin kashi 15 zuwa 20 kamar wajibi ne. Abincin dala 100 a Toronto ya zama kusan 130 ke nan. Otal yana riƙe wani kuɗi a katinka ranar shiga, sai bayan kwanaki da fita ya sake shi, don haka kada katin ya zama daidai wa daida. Ka zo da kati biyu na bankuna daban-daban daga asusun dala, ka tambayi bankinka iyakar abin da za ka iya kashewa a waje, ka riƙe 'yan ɗaruruwan daloli a hannu. Inshorar lafiya kada ka tafi babu ita. Asibiti kyauta na 'yan ƙasa ne, baƙo shi ke biya, kwana ɗaya a gado yana cin dubban daloli. A nemi wadda ta kai dala 100,000, a karanta abin da ta ce game da ciwon da mutum ke da shi tun gida, irin su hawan jini da suga. Wanda zazzaɓi ya kama ya gaya wa likita daga Afirka ta Yamma ya zo, a gwada maleriya, don ba ita ce ke fara zuwa musu a rai ba. Lambar gaggawa 911.

Wutar lantarkinsu bolt 120 ce, soket ɗin mai baki biyu ne masu faɗi, a sayi mahaɗi tun daga gida. Cajar waya da ta kwamfuta suna karɓar kowace wuta, amma dutsen guga da butar lantarki na gida ba za su yi zafi ba. Alƙibla a Toronto da Montreal arewa maso gabas take, a Banff ta ƙara karkata arewa, kada a fuskanci mafitar rana a ta da salla. A ƙarshen Yuni magariba tana wuce ƙarfe tara a Toronto, a Calgary ta kusa goma, a Satumba kuwa lokutan sun fi kusa da waɗanda aka saba. A tsara Juma'a ta same ku a Toronto ko Montreal ko Calgary, inda masallatai suke da yawa. Abincin halal ma a waɗannan birane ba ya wuya, gidajen abincin 'yan Somaliya da Pakistan da Labanon da Maroko sun wadata, amma a Banff da birnin Quebec zaɓi kaɗan ne, a dogara da kifi da ganye, a tambayi abin da aka haɗa romo da shi. Banɗakunansu babu buta, a riƙa yawo da ƙaramar gora.

Idan hasken arewa ya tsaya maka a rai har ba za ka iya jira ba, to sai ka sadaukar da Montreal da Quebec, ka ɗauki darensu huɗu ka kai Yellowknife, wani birni can arewacin ƙasar, awa biyu da 'yan mintuna a jirgi daga Calgary. Ana ganinsa daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Oktoba, sannan daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Afrilu. A Yuni da Yuli dare ba ya yin duhun da zai fito. Ka ba shi dare uku aƙalla domin gajimare yana iya rufe sama dare ɗaya ko biyu, ka zaɓi kwanakin da farin wata bai cika ba, ka kuma yi rajista da masu kai mutane bayan gari, waɗanda ke fita wajen ƙarfe tara ko goma na dare su dawo wajen biyu.